Rasuwar Gonar da Ke Cikin Tsohuwar Wayata

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin cikin da na san ba mai taya ni ɗauka a danginmu, nake sanar da 'yan'uwa, da abokan aiki, da waɗanda suka riga suka fara dariya, rasuwar gonata wadda aka fi sani da Bakin Rafi. Marigayiyar ta yi rayuwarta ne a cikin wasan noma na tsohuwar wayata mai tsagaggen gilashi, kuma a can rai ya yi halinsa, bayan jinya a hannun mahaifina da taimakon gaggawa daga ƙanena, wanda shi ne ya ƙarasa ta.

Ga waɗanda ba su san ta ba, wato kusan kowa a gidanmu, wasa ne da ake ba mutum fili ya yi ta fama. Na karɓe ta kango, ba komai sai duwatsu da kututture. Ni na share ta, na ja kunya, na yi shuka, na yi ban-ruwa. Da tafiya ta yi tafiya na kafa masaƙa da maƙera, na ɗora amya, na dasa itatuwan lemo a gefen ruwa, na zagaye ƙofar gida da furanni. Kujerun tsakar gida da fitilun kan hanya duk ni na ƙera su, da wannan babban yatsan da mutane ke cewa ba ya aikin komai sai latse-latse.

Marigayiyar mai ladabi ce. Ni a kantin magani nake aiki, a tsaye nake wuni ina sauraron mutanen da suka rubuta wa kansu magani tun daga gida suka zo neman wanda zai ce musu sun yi daidai. In na dawo na cire takalmi na buɗe ta, takan tarbe ni da “tilin-tilin”, sai kukan tsuntsaye. Fartanyarta takan ce “kwas, kwas”, butar ban-ruwa ta ce “shaa”. Saniyata, Madam, takan ce “muu” gajere, a hankali, kamar mai neman izinin shigowa. Tsawon zamanmu ba ta taɓa tambayata me za a dafa ba, ba ta taɓa aiko mini da baƙo ba tare da sanarwa ba, ba ta kuma taɓa cewa na yi ƙiba ba. A cikin masu rai ban san mutum uku da zan yi wa wannan shaidar ba.

Ba zan ce ba ta da aibu ba, don ba na yi wa mamaci ƙarya. Ita kanta maƙaryaciya ce ta gidan gaba. Kabewarta kan nuna kafin shayi ya huce. Madam ci take yi dare da rana amma ba a taɓa ganin kashinta ba. Babu ƙuda, babu ɓarawo, babu maƙwabcin da ke matso da iyaka in ka juya baya. Na san duk wannan, na kuma zauna da ita a haka, domin ƙaryarta ta fi gaskiyar wasu daɗin zama.

Ba za a fahimci jinyarta ba sai an san wanda ya yi jinyar. Baba manomi ne tun kafin a haife mu. Da gwiwarsa ta fara ba shi wahala, Yaya Babba ya tara mu ya ce lokaci ya yi da tsoho zai huta. Ya sayar da gonar Baba, ya kawo mini shi nan saman bene, wai ɗakina ya fi iska. Tun ranar Baba ya samu kujera a bakin taga yana kallon rufin garejin makanikai. Abinci sai ya taɓa ya ture. Wandonsa ya fara yi masa yawa, har na ƙara wa bel ɗinsa huda. Likita ya duba shi sama da ƙasa ya ce bai ga abin da zai rubuta wa magani ba. Ni da ke wuni a tsakanin kwalabe da kwalaye, na duba kantocinmu kaf ban ga na ciwon Baba ba, ina ji ina gani yana ƙarewa a kan kujera. Wannan shi ne hutun da Yaya Babba ya saya masa.

Rashin lafiyar marigayiya ta faro ne lokacin da aka tura ni kwas daga wurin aiki. Gonar tana bukatar ruwa kullum, ni kuma da wayar aiki zan tafi. Na duba gidan, mutum ɗaya ne ba ya zuwa ko'ina. Na ɗora wa Baba tsohuwar wayar a cinya, na nuna masa inda zai danna buta ta zuba ruwa, na roƙe shi kada ya taɓa komai bayan wannan. Ya riƙe ta da yatsa biyu kamar an miƙa masa mushen ɓera.

“Wannan ce gonar?”

“Ita ce, Baba.”

“To. Allah ya kyauta.”

Da na dawo, na tarar Baba bai tsaya a ban-ruwa ba. Ya yi wa marigayiya noma irin na gaske, abin da jikinta bai taɓa ɗauka ba. Kabewar da na bari ta nuna, ya ƙi cirewa har ta ruɓe a wurin. Furannina babu ko ɗaya. Kujerun da na ƙera ya farfasa su ya ja kunya ta bi ta kansu. Madam ya hana a tatse ta saboda tana da ɗan maraƙi, har wani baƙin gajimare ya tsaya a saman kanta, alamar ranta a ɓace yake. Akwai wani mai kamun kifi a wasan da ake kai wa kyauta don a samu shiga wurinsa, Baba ya yanke hulɗa da shi. Na tsaya a gabansa da jakata a kafaɗa ina tambaya ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana ba ni amsa ko gezau.

“Kabewar da aka shuka jiya, wa za ki ba ya ci? Na bar ta ta ƙosa.”

“Furannin fa, Baba?”

“Ciyawa ce ta yi kwalliya. Shi kuma wancan na bakin ruwa, ƙato da lafiyarsa, kullum hannu a miƙe. Ke kika ɓata shi.”

Abin da ya kwantar da marigayiya gaba ɗaya shi ne shigowar sanyi. A wasan, in sanyi ya zo ƙanƙara kan rufe ƙasa, shuka ta bushe, sai a jira ya wuce. Baba bai taɓa ganin farar cuta ta cinye gona a wuni ɗaya ba. Ya yi abin da ya san ana yi wa cuta, ya ɗauki gatari ya bi itatuwan lemona ɗaya bayan ɗaya don kada ta yaɗu. An ce duk wanda ya faɗi sai ya ce “ƙaƙas, rim”. Na gode Allah da ban ji da kunnena ba. A yammacin da na dawo, yana cikin yi mini bayanin sakacina, ya cinye abincinsa tas ya ture kwanon babu komai a ciki. Na gani, amma a lokacin lemona nake yi wa kuka.

Duk da haka marigayiya tana da sauran numfashi. Masaƙa na nan, amya na nan, Madam na nan da gajimarenta. Da an bar ni da ita da na yi jinyarta ta tashi. Sai Allah ya kawo autanmu, wanda muke kira Injiniya tun ranar da ya kwance rediyon gida ya mayar, kusoshi suka yi ragowa, rediyon kuma bai sake magana ba. Bai taɓa wucewa ta ƙofar makarantar injiniyoyi ba, amma sunan ya bi shi, shi ma ya yarda. Ya same ni da waya a hannu ido ya yi ja, ya fizge ta.

“Kawo, Yaya, abu kaɗan ne. Irin wannan mayar da shi farko ake yi.”

Kafin in buɗe baki ya shiga inda ban taɓa shiga ba. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya danna. Ta sake tambayarsa, domin ita ta fi shi hankali, ya sake dannawa. Marigayiya ta ce “tilin” sau ɗaya, ba biyun da ta saba ba. Gilashin ya yi baƙi, ya dawo da fili, duwatsu da kututture, kamar ban taɓa rayuwa ba. Injiniya ya duba ya gyaɗa kai.

“Kin gani, har ya fi sauri yanzu.”

Ya ajiye wayar a hannun kujerar Baba, ya tuna yana da alƙawari da wani.

Marigayiyar ta tafi da Madam da ɗanta, da kaji, da ƙudan zuma, da wani bargo mai ratsin shuɗi da na bari rabi a kan masaƙa. Ta rasu ta bar ni. Ta bar caja mai karyayyen wuya wadda sai an jingina ta da littafi take aiki. Ta bar maigidana, wanda ta'aziyyarsa ita ce in sauke wani wasan, ai suna da yawa, kuma na rubuta wannan maganar a zuciyata saboda ranar da motarsa za ta mutu. Ta bar Injiniya cikin ƙoshin lafiya, hannuwansa biyu na nan, jama'a su yi hattara. Ta kuma bar Yaya Babba, wanda ya bugo waya ya yi dariya har da tari, ya ce yanzu saboda gonar ƙarya nake wannan kumburin. Na karɓi maganarsa da muhimmanci, domin a gidanmu babu wanda ya kai shi sanin yadda ake raba mutum da gona.

Na yi kwanaki ban ko kalli wayar ba. Da zuciyata ta ɗan yi sanyi, na faki idon Baba yana wanka na kai ta wurin mai gyaran waya na ƙasan benenmu. Ya duba ya ce in kwantar da hankalina, akwai kwafinta a ajiye, zai iya dawo mini da ita yadda take kafin in tafi kwas, da lemo, da furanni, da Madam cikin fara'arta. Sai dai shi wasan, gona ɗaya tak yake riƙewa da sunan mutum ɗaya. In tsohuwar ta dawo, wadda ke ciki yanzu za ta goge. Na ce ai ba komai a ciki sai duwatsu. Ya juyo mini da gilashin.

Babu dutse ko ɗaya. Kunyoyi ne a miƙe daga wannan iyaka zuwa waccan, hatsi da wake kawai, da wata rumfa mummuna a tsakiya. Ban taɓa ganin gona marar fasali irinta ba. Ko fitila babu. Amma a nan na gane dalilin da ya sa Baba ke riga kowa tashi, da dalilin da ya sa ya fara faɗa da ni kan caji, da dalilin da ya sa shekaranjiya ya miƙo kwano ya ce a ƙara, mai aiki ba ya zama da yunwa. Can gefen rafi, inda lemona suke a da, ya bar wani ɗan lungu a share, bai shuka komai ba.

Na hau sama na mayar da wayar inda na ɗauke ta. Baba ya riga ya fito daga wanka, yana tsaye yana nemanta, ransa a ɓace. Na tambaye shi lungun bakin ruwa na mene ne.

“Naki ne. Ki shuka ciyawarki a can. Amma kada ta tsallako mini.”

Ina son marigayiya, kuma har yanzu ina tuna bargon nan. Ba na so kowa ya zo ya ce mini wasa ne kawai. Na san wasa ne, ni na sauke shi.

Za a yi jana'izarta gobe da hantsi a teburin mai gyaran waya, inda zan sa shi ya goge kwafin a gabana, don na san halina, wata rana raina zai ɓaci in ce a tono ta. Ba a bukatar rakiya. Za a yi zaman makoki a falona daga la'asar. Injiniya zai iya zuwa, da sharaɗin hannuwansa su zauna a aljihu har ya fita. An keɓe wa Yaya Babba kujerar gaba, domin zaman na gonaki biyu ne, har da waccan ta farko da aka rabu da ita ba sanarwa, ba ta'aziyya, aka kira abin hutu. Mai son kawo wani abu ya kawo caja mai doguwar igiya.

Ni ce mai sanarwa, tsohuwar mai Bakin Rafi, a madadin kaina ni kaɗai. Ana roƙon masu zuwa su rage murya. Wanda kuma ya zo da niyyar gaishe da Baba, ya yi haƙuri ya ɗan jira. Ba ya bakin taga, yana gona.