Butar Shayin Baba Alasan

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ta lokacin bakans ba, ko da na so mantawar, domin har yau akwai mutane a garin nan da suka ɗauki nauyin tuna mini.

A lokacin ina lise, wato babbar sakandare, an ba mu dogon hutun nan na bakans. Ni irin yaran nan ne da idan aka yi sallama a gida sai an leƙa bayan ƙofa kafin a same su, da littafi a hannu. Inna ta gaji da ganina a ɗaka, ta roƙi wanta, Kawu Sale, ya tafi da ni labaj ɗinsa ko na san kalar rana. Labaj ɗin wani fili ne a bakin gari inda ake wanke manyan motoci: rumfa ɗaya, gangunan ruwa da muke kira tano-tano, doguwar tiyo, da wani tsani da ke rawa tun kafin a taka shi.

Ba a jima ba Kawu ya gane abu biyu game da ni. Na farko, ba ni da amfani a saman kamiyo, babbar motar kaya (da na hau sai in ƙanƙame tsani in ƙi motsi). Na biyu, idan aikin tsanaki ne babu kamata. Sai ya bar mini kabin, inda mai tuƙi ke zama. Nakan naɗa tsumma a kan tsinke in bi kowane lungu, in zaro ƙwallon dabino da ya shekara a ƙarƙashin kujera, in shafa wa gaban mota man gogewa da muke kira sir har ya riƙa ɗaukar ido. Duk wannan ba tare da na ce uffan ba. Shoferori suka sa mini suna Malam Shiru, ni kuma ban musa ba, tunda musu ma magana ce.

Ranar da nake ba ku labari, da sassafe Baba Alasan ya shigo da kamiyonsa. Dattijo ne, tsohon abokin Kawu, kuma motar ta daɗe tana jigilar gawayin ƙasa daga Anu Araren, har ta manta launin da aka haife ta da shi. Aikin gawayin ya ƙare, ya jima a zaune, ga iyali. Sai ga wani Alhaji Mamman, mai sayen albasa a garaken Dabaga, lambunan da ake noma ta, yana neman motar da za ta yi masa jigila har kakar albasa ta wuce. Sharaɗinsa ɗaya: ba zai zuba kayansa a motar da za ta baƙanta masa buhuna ba. Zai zo da kansa bayan la'asar ya duba.

"Sale," in ji Baba Alasan, "so nake in Alhaji ya dubi ƙofar nan ya ga gemunsa."

Ya ƙara da cewa yau har azumi ya ɗauka, ko Allah zai dube shi. Ya miƙa makulli, ya tafi kasuwa.

Mun sha aiki. Kawu da ma'aikatansa suka hau baya da tiyo, baƙin ruwa yana kwarara kamar an kifar da tawadar makarantar allo. A hankali motar ta fara fitowa, ashe shuɗiya ce. Ni kuma na gama kabin, na goge gilasai, na bi fitilu ɗaya bayan ɗaya. Da na tsaya a nan, da yau ba ni da labari. Amma akwai wani akwatin ƙarfe a gefen motar, kusa da tankin gazuwal, kuma zuciyata ba ta iya ganin murfi a rufe ta wuce.

Na buɗe. Ciki akwai furno na waya, ɗan murhun dafa shayi, ƙullin gawayi, finjalai a cikin gwangwani, da butar shayi. Baƙa ƙirin, ciki da waje. Na leƙa cikinta na ga wani ɓawo mai kauri ya manne a bango, na ce a raina, Allah sarki, dattijon nan gawayin Anu Araren yake sha bai sani ba.

(Na san abin da za ku ce. Ɗan Agadez guda bai san ba a sa wa butar shayi sabulu ba? To, ga ni. Ban taɓa zaman fada ba, inda samari ke hira da shan shayi, shayi kuwa in an miƙo mini nakan shanye ne kamar magani. A lakwal kuma, wato makarantar boko, an koya mana ƙwayoyin cuta, har na zana su da launi, malam ya yaba.)

Na ɗebo sabulun mota, koren nan mai kauri wanda cokali guda ke cika bidon ɗin ruwa da kumfa. Na jiƙa butar, na kankare da yashi, na sake jiƙawa. Na cusa tsinkena cikin hancinta. Na ɗauraye, ko in ce na zaci na ɗauraye, don ban san a gindin hancin buta akwai ƴan ramuka da sabulu mai kauri ke samun wurin kwana ba. Na shanya ta a rana, na shafa mata ɗan sir a waje, na mayar da ita mazauninta. Ban gaya wa kowa ba. Alheri, in ji littattafaina, a ɓoye ya fi lada.

Bayan la'asar Alhaji Mamman ya iso, cikin farar riga da rawani. Ya zagaya motar a hankali, ya shafa bangon baya da tafin hannu ya duba, ya hau kabin ya sauko. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya dai tambayi wanda ya yi aikin ciki. Kawu ya nuna ni, ya ce ɗan ƙanwarsa ne, ɗan lise, ba ya magana amma hannunsa na yi. Na sunkuyar da kai, kunnuwana suna zafi don daɗi.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar motar, domin irin wannan magana ba a ƙulla ta a tsaye. Baba Alasan ya je ya buɗe akwatinsa. Ina kallon bayansa na ga ya tsaya cak. Ya ɗago butar, ya juya ta, ya leƙa ciki, ya sake juyawa kamar mai neman lambar motarsa a jikin ta wani.

"Alasan, har sabuwar buta ka saya saboda ni?" in ji Alhaji.

Baba Alasan ya yi wani murmushi da bai kai ido ba, ya ce ai Alhaji ya fi haka. Ya zauna ya hura gawayi. Ni kuwa na ɗauka mamakin farin ciki ne ya hana shi doguwar magana.

Shayi ya tafasa, ya zuba sukari da na'ana'a, ya fara ɗaga buta sama yana tsiyayawa a finjali yana mayarwa. Kun san kumfa ita ce alfaharin mai shayi. To, ranar kumfa ta zo. Ta cika finjali, ta yi tozo, ta gangaro kan faranti, ta ƙi kwanciya. Alhaji ya gyara zama, ya ce ya sha shayi daga nan har Segedin, bai taɓa ganin hannu irin wannan ba. Baba Alasan da kansa yana kallon hannun nasa da alamar tambaya. A ka'ida mai shayi shi ke fara ɗanɗanawa, amma yana azumi, sai ya miƙa wa baƙo finjalin farko kai tsaye.

Alhaji ya yi bisimilla ya kurɓa.

Ya tsaya. Kumatunsa suka cika, idanunsa suka kawo ruwa. Ya dubi tabarma, ya dubi farar rigarsa, ya dubi mai masaukinsa, sannan, da yake mutum ne mai kunya, ya haɗiye. Wurin ya yi tsit. Kowa na jiran abin da zai ce.

Ni kuma na karanta shirun nan a matsayin daɗi ne ya kai inda baki ba ya iya faɗa. Na ga bai kamata a bar dattijo yana neman dalili ba. A nan ne, bayan na yi makonni ba a ji muryata ba, na buɗe baki ba tare da an tambaye ni ba.

"Tsabtar butar ce, Alhaji. Da sabulun mota na wanke ta, har cikin hanci."

Kawu, wanda ya riga ya kai nasa finjalin baki, ya fesar da shi a kan tayar da muka gama gogewa. Baba Alasan ya ɗaga murfin buta ya sansana, ya rufe ido. Alhaji ya buɗe baki zai yi magana sai shaƙuwa ta riga shi, kuma na rantse na ga ƴar kumfa a gefen gashin bakinsa (Kawu ya ce ƙari nake yi, amma shi a lokacin tari yake).

"Ɗana," in ji Baba Alasan a hankali, "butar nan maigidana ya ba ni ranar da ya sallame ni na fara tuƙi. Tun ba a haifi uwarka ba take tara baƙin nan."

Na nemi ƙasa ta tsage, amma mun jiƙa ta da ruwa tun safe, ko tsagewar kirki ba za ta yi ba. Na tsaya riƙe da tsummana. Abin da ke cina ba dariyar ma'aikata ba ce, tunanin cewa na wanke wa dattijo aikin kaka guda tare da butarsa.

Aka kawo wa Alhaji ruwa ya kurkure baki, ya sake kurkurewa. Ya tambayi Baba Alasan yadda aka yi tsohon shofer kamarsa ya ba baƙo shayin da bai ɗanɗana ba. Baba ya faɗa masa gaskiya, azumi yake, kuma saboda wannan aikin ne. Sai kafaɗun Alhaji suka fara motsi, dariya ta ƙwace masa har rawaninsa ya karkace. Ya ce ba shi zai mayar da mai azumi gida hannu wofi ba, ga shi kuma yau an wanke masa ciki kyauta.

"Mota ta yi, Alasan, aikin naka ne. Amma yaron nan kada ya kusanci albasata. Zai ɓare mini ita duka ya ce ɓawon dauɗa ne."

Hukuncina Baba Alasan ne ya yanke shi, bayan ya sha ruwa ya huce. Ya bar butar a labaj, ya ce kullum in dafa shayi a cikinta har ta dawo hayyacinta, kuma ni zan riƙa shan finjalin farko. Haka na ƙarasa bakans ɗin ina hura gawayi. Kwanakin farko cikina ya yi ta ƙorafi. Da zai tafi Dabaga ya zo ya karɓe ta, ya leƙa ciki, ya ce ta fara yin mutum, amma da sauranta.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma a littafi ban same shi ba. Ba kowane baƙi ne dauɗa ba, wani shekaru ne. Sannan idan manya suka yi shiru a tabarma, ba gurbi suka bar maka ba.