Ƙararrawar Bayin Surukina

Shekarar da aka kawo kwamfuta ofishinmu a Dutse na koyi zana taswirar wayarin ɗin lantarki da ita, sai na fara jin kaina injiniya. Da surukina Alhaji ya gama gininsa a Yalwawa, na ce kada ya nemi kowa, ni zan zana masa.

Malam Sabo mai wayarin ya duba takardar ya ce, "Yallaɓai, layin nan biyu fa sun haɗu."

Na ce, "Malam, kwamfuta ce ta zana. Bi yadda ka gani."

Ya kuwa bi tiryan-tiryan.

Ranar walimar tarewa, zaure cike da baƙi, Alhaji ya ɗauki buta ya shige ciki. Yana kunna fitilar bayi, ƙararrawar ƙofar gida ta ɗau kuka. Na leƙa waje, ba kowa. Ba ta yi shiru ba sai da ya fito. Da liman ya shiga ta sake ɗauka, kowa ya gane.

Har yau in na ɗauki buta, sai matata ta ce, "Injiniya, a sanar wa unguwa?"