Sarkin Noman Biro

A duk Yamai, daga unguwar Gawai har Lazare, ba a taɓa yin manomi kamar Mushe Bawa Ɗan'azumi ba, Mushe irin na Faransanci, wato Malam. Gaskiya bai taɓa riƙe haiwa ba, amma wannan ƙaramar magana ce. Gonarsa tukunya ɗaya ce, tana kusurwar bironsa, wato ofishinsa, a ma'aikatar da yake rabon hatsin agaji.

Daga Abijan aka kawo masa shukar cikin jirgin sama, shekarar da soja suka karɓi mulki, lokacin da fari ya bar gawar shanu tun daga Tawa har bakin kogi. Ta kai mutum tsawo, ganyenta kamar faifai, mai tsaga-tsaga. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ba a miya da ita. Ta dace da mai ita.

Kowace safiya matan sansanin 'yan gudun fari na Lazare na zaune bakin ƙofa suna jiran sa hannunsa, shi kuwa ya naɗe hannun riga yana goge ganye ɗaya bayan ɗaya da auduga. Ganye goma sha bakwai ne. Aikin ƙasa ba ya son gaggawa.

"Matsalar manomanmu jahilci ne," yakan ce wa ma'aikatansa. "Fari ɗaya muke ciki da su. Don me tawa ba ta bushe ba?"

Bayan idonsa suka naɗa shi Sarkin Noman Biro. Da ya ji, ya yaba da hankalinsu.

Wata rana Sumana, tsohon mai lambu daga Gamkale da ke kula da itatuwan harabar, ya leƙa tukunyar.

"Mushe, wannan ba ta son ruwa kullum. Sau ɗaya a sati ya isa. Kuma a huda gindin tukunyar."

"Baba Sumana, ka taɓa zuwa Abijan? Can kullum sama zuba take yi. Kai dai tsaya kan ganyen salatinka."

Sumana ya tsaya kan salatinsa. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Mushe Bawa ya ba da umarni: motar ruwan sansani ta riƙa biyowa ta nan, ta sauke bido biyu, wato jarka biyu, kafin ta wuce. Ganye ya fara rawaya. Gwani ya duba, ya gano ƙishirwa ce, ya mai da bido huɗu. Biro ya ɗauki warin fadama. Gwani ya fesa turare.

Sojan lokacin ba sa aiko da sallama. Wata Talata sai ga wani kumandan ya tsallake matan da ke ƙofa, ya shigo, ya dubi tulin takardun da ba a sa wa hannu ba, ya toshe hanci. Ya ɗan ja shukar, ta biyo hannunsa, saiwa baƙa ƙirin tana ɗiga. Ya sa aka kira Sumana.

"Baba, me ya kashe ta?"

"Ruwa ne, ranka ya daɗe."

Kumandan ya juya a hankali wajen Mushe Bawa. "Ƙasa duka ƙishirwa ke kashe ta, kai ka samu ruwan nutsar da itace a hawa na biyu."

"Gwaji ne na kimiyya, kumandan," in ji Mushe Bawa.

Hukuma ba ta wasa da irin wannan baiwa. Kafin sati ya zagayo aka tura shi ci gaba da gwajinsa can bayan Agadas, kwana uku a kan raƙumi daga rijiya mafi kusa. An ce tun da ya je bai ƙara kashe komai da ruwa ba.