Bulo da Bula

Allah shaida ne, shekara bakwai na yi ina koyon Ajami a gaban mahaifina, don haka da takardar Alhaji Mudi, ɗan kasuwar Talata Mafara, ta iso, kallo ɗaya na yi mata. Bai sa wasali ba, amma na karanta: bulo ne zan kai Bakura.

Na ji daɗi. Motata buɗaɗɗen baya gare ta, kuma shimfiɗa tamfol da ɗaure shi ya fi tuƙin gajiyar da ni. Bulo kuwa ba ruwansa da rufi. Na aika cewa na rage masa kuɗin dako, na bar tamfol a gida.

Da na isa wurin Alhaji, sai ga kwalaye jibge. Bula ce, ta wanki.

Alhaji ya ce, "Malam, ina rufin? Damina fa muke ciki."

Na dubi sama kamar mai ilimin taurari, na ce, "Alhaji, yau ko yayyafi babu."

Kafin Birnin Tudu aka kece da ruwa. Na shiga Bakura motar tana zubar da shuɗi, rawanina ma ya rinu. Kwalayen sama kawai suka jiƙe, Alhaji ya yafe, har gobe ni ke ɗaukar masa kaya.

Sai dai yanzu kowace takardarsa da wasali manya-manya take zuwa. A tasha kuwa, ko yashi na loda, sai wani ya ce, "Malam Mai Bula, an duba sama?"