Gaisuwar Sabon Birki

Shekara shida ina hawan wani keke mai araha, wanda sai na matse birkinsa da duk ƙarfina, na ja silifas a ƙasa, kafin ya yi tunanin tsayawa. Da na sayar da wake a Dawanau, na sa aka sauya masa cibiyar ƙafafun biyu da birki mai kyau.

Mai gyaran ya ce, "Malam, wannan da yatsa biyu ake taɓa shi." Na ce masa tun kafin a haife shi nake hawan keke.

Da la'asar na nufi ƙofar gidan surukina, inda dattawa ke zama, don su gani. Na taho da gudu, na matse birki yadda hannuna ya saba. Keke ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na sauka rub da ciki a bakin tabarma.

Ba wanda ya yi dariya. Surukina ya dube ni ya ce, "Durƙusawa ma ta isa, Malam."

Har yau in na doso, sai wani dattijo ya ce, "Ku janye ƙafafunku, ga mai gaisuwa nan tafe."