Ɓarawon Wayfai Ɗinmu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kira Baba Abakar ɓarawo, kuma a rubuce.

Lokacin ban daɗe da sa intanet a gidanmu na unguwar Kilomita Biyar a Bangi ba. Mutumin da ya haɗa mana rauta, ɗan akwatin nan mai raba wayfai, ya nuna mini wani shafi a wayata. Duk wayar da ta hau rezo ɗinmu, wato layin wayfai ɗin, sai ta bayyana a wurin, kuma da yatsa ɗaya zan iya korar ta. Na daɗe ina kallon abin baki buɗe. Ni da nakan manta ƙofar shago a buɗe, yau ga ni da katangar da ido ba ya gani.

Wata Juma'a sai na ga baƙuwar waya. Na toshe ta, na kuma canza sunan wayfai ɗin zuwa "Ɓarawo ka ji tsoron Allah". (Har yaba wa kaina na yi.)

Bayan la'asar maƙwabcinmu Baba Abakar, aminin marigayi mahaifina, ya yi sallama ya miƙo mini wayarsa.

"Ɗana, idona ya yi rauni. Karanta mini, me wayar ta rubuta? Innarka ce ta sa mini kod ɗinku, lambar sirrin nan, don in riƙa ganin Zara, yau kuma wayar ta ƙi hawa."

Zara 'yarsa ce. Tun rikicin da ya watsa unguwa ta tsallaka Chadi, ba ta dawo ba. Inna na tsaye a bayana, ta kuma iya karatu sarai.

Na ce, "Baba, cewa ta yi... a ji tsoron Allah."

"Ai kuwa ta faɗi gaskiya," in ji shi.

Nan take na cire toshewar da na yi wa wayarsa, ya danna kira. Sai ga Zara a fuskar wayar, rungume da jaririyar da ta haifa a makon. Baba ya matso da wayar dab da bakinsa, ya yi wa jikarsa addu'a a hankali, shi a Bangi, ita a Injamena. Jaririyar ta daina kuka, ta juyo wajen muryar. 

Da ya fita, Inna ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, maigadi."

Har yau rezo ɗina a kulle yake. Amma kafin in kori kowace waya, Inna nake fara tambaya, don ta fi rauta sanin mutanen unguwa.