Zomon Ustaz Midhat

"Zomo ne zai gagare ni? Ni da na sa raƙumi rawa a tallan shayi?"

Haka Ustaz Midhat ya faɗa ranar da Madam Nirmin, mai kamfaninmu na zanen katun a unguwar Dokki, ta ce duk wanda ya sa zomon sabon fim ɗinmu ya yi tsalle irin na gaske kafin Alhamis, shi ne shugaban masu zane. Sawsan, abokiyar takararsa, ta koma gefe tana kallon bidiyon zomaye. Gogan naka kuwa ya ce kallon bidiyo aikin 'yan koyo ne, shi motsi a jininsa yake.

Ranar Litinin ya nuna nasa. Zomo ya tashi da ƙafa huɗu, ya dira da ƙafa huɗu, tim! Madam ta ce kwaɗo ne aka yi wa kunne. Ta ƙara da cewa zomo da ƙafafun gaba yake fara sauka, sannan na baya su wuce su, ya je ya duba.

Sai Sarkin Cika-baki ya tuna dabarar manyan masu zane: ka yi motsin da jikinka, a ɗauke ka, ka kwaikwaya. Ni aka ba kyamara. Ka ga ƙato mai tumbi, shekara hamsin, ya durƙusa a tsakar ofis yana tsalle. A tsalle na uku bayansa ya ce ƙas. Da ya zana, sai ga zomo yana tsalle yana dafe ƙugu. Har mai kawo mana shayi ya gane Ustaz ne.

Laraba ta yi, saura kwana ɗaya. Ya ja ni wurin mai sayar da kaji da zomaye, ya zaɓi zomo mai ƙiba, ya hana a yanka. Muka kai shi gidan mahaifiyarsa, Hajja Ni'imat, don barandarta na da faɗi. Bai yi mata bayanin komai ba, wai tsohuwa me ta sani a harkar fim. Ya dire kwalin zomon a kicin, muka fita neman maganin baya da karas, cunkoson motoci ya cinye mana awa uku.

Mun dawo da yunwa, muka tarar da shinkafa da miyar lalo mai nama tana ƙamshin tafarnuwa. Ustaz ya share faranti biyu yana yi mini lacca a kan motsin dabbobi. Ya lashe yatsa, ya ce, "Mama, ina zomona? Ƙafafunsa na baya nake so in duba."

Hajja ta dube shi, ta dubi farantinsa.

"To duba mana, ɗana. Ga ɗaya nan a hannunka, ɗayar ka riga ka cinye."